Dokar Layi da Turakun Caji Shida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama. 'Yan majalisar gari, maza da mata, da kuka baro ofisoshinku masu sanyi kuka shigo wannan zaure mai fanka biyu, ɗaya ma ba ta juyawa. Injiniyoyin kamfanin da ya kafa mana turakun caji. Shugabar 'yan kasuwa da mataimakanta. Makanikai, masu faci da masu wankin mota. Abokan aikina direbobi, na fetur da na lantarki, waɗanda na lura yau ma kun raba benci, waɗannan dama waɗancan hagu. Fasinjojinmu, waɗanda don ku muke fitowa kowace safiya. Iyayena, yayyena da ƙannena da ke tsaye a baya saboda kujera ta ƙare: ina gaishe ku, kowa da girmansa, kowa da matsayinsa.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali sunana ba ya cikin takardar masu magana. Ina kuma gode wa injiniya da ya karanta mana rahotonsa yanzun nan, ya karanta shi daki-daki, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da layi a tashar motoci ta bayan kasuwa. Shekarata ashirin da bakwai a kan wannan aiki. Direbobi suna kirana Mai Usur. Aikina shi ne in zauna a bakin ƙofar fita, in san wa ya riga wa isowa, in busa usur in ce wane ne zai yi lodi. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san abin da ke cikin batir ba, amma babu motar da ta taɓa ɗaukar fasinja a tashar nan ba da sanina ba.

Rahoton injiniya ya ce wata takwas ke nan da aka kafa turakun caji shida a ƙarshen tasharmu, jikin katanga, kuma ko awa biyu ba sa yin aiki a yini. Ya ce wannan ya nuna babu masu buƙata. Saboda haka ake neman majalisa ta amince yau a tumɓuke su, a kai kayan farfajiyar babban kantin nan na bakin titi, a kafa guda ɗaya mai saurin caji don manyan motoci. Na tsaya nan ne in ce kada a yi haka. Zan faɗi dalilina, kuma ba zan ɓoye inda laifina yake ba.

Magana ta farko ita ce ta buƙata. Ranka ya daɗe, lissafin injiniya daidai yake, fahimtar da aka yi masa ce ta kauce. Motoci arba'in da ɗaya ke lodi a tasharmu. Shekara biyu da suka wuce babu ta lantarki ko ɗaya. Yau goma sha huɗu ne, ƙanana, masu kujera huɗu da ɗan wurin kaya a baya, waɗanda direbobin fetur suka laƙaba wa suna akwatin ashana. Ba wanda ya yi mana talla. Ba wanda ya raba mana kyauta. Direba ne ya dubi aljihunsa bayan ya bar gidan mai, ya dubi lungunan da fasinjansa ke zaune, inda babbar mota sai ta yi baya sau uku kafin ta juya, ya ce wannan 'yar ƙaramar ita ce daidai da ni. Ba ta shan mai, ba ta neman a juye mata baƙin mai, ba ta tari da safe. Talaka ba ya neman motar da za a ga shi a cikinta a yi masa kirari. Yana neman wadda hannunsa zai kai gare ta, wadda za ta kai mai kaya kasuwa, ta kai mai jinya asibiti, ta dawo da shi gida da abin cefane.

Ku tambayi dillalan mota, ga biyu can a zaune. Duk ƙaramar da ta iso ba ta kwana uku a hannunsu. Manyan nan masu ƙyalli kuwa suna nan jere, kullum ana goge musu ƙura. A cikin direbobin fetur da kuke gani a hagu, masu ɗaure fuskar nan, na san mutum tara da suka zo mini a ɓoye suna tambayar yaya 'yar ƙaramar take hawan tudu. Ba zan faɗi sunayensu ba, amma ga su can suna kallon silin.

To, idan motocin suna nan, a ina suke caji? Rahoton bai yi wannan tambaya ba. Suna caji a inda mita ɗin kamfani ba ta gani. Mafi yawanmu gidan haya muke zaune, ɗaki biyu a hawa na biyu ko na uku, ba mu da farfajiya, ba mu da gareji. Direba ya haɗa waya uku, ya naɗe mahaɗin da leda, ya zuro ta taga, ta bi bango ta tsallaka hanyar da mutane ke bi, ta kai ga motarsa. Wani ya roƙi mai walda, wani ya roƙi mai injin niƙa. Masu gidaje sun gaji, kuma ban ga laifinsu ba, domin wayar da aka yi don fanka da talabijin ba a yi ta don ta ciyar da mota ba. Na taɓa soket ɗin wani direba da hannuna, sai da na janye yatsa don zafi. Buƙata tana nan, mai girma shugaba. Tana rataye a tagogin unguwanninmu, kuma idan aka bar ta a haka wata rana gobara ce za ta kawo muku rahoto.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi a bakina. Me ya sa mutumin da ke wannan wahala a gida ba ya zuwa turken da aka kafa masa a tasha? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsar ba ta wurin injiniya, ba ta wurin majalisa. Tana wurina.

Muna da doka a tashar nan, kuma ni na kafa ta. A shekarata ta biyu a wannan aiki, direbobi biyu suka yi gardama a kan wa ya riga isowa. Ɗaya ya ce ya zo tun da sassafe ya je wanko mota ne, ɗaya ya ce bai gan shi ba. Kafin a raba su, an ɗauko ƙarfen kwance taya, kuma har yau mutum ɗaya yana tafiya da ido ɗaya saboda wannan rana. Washegari na tara kowa na ce: daga yau mota ita ce layi. Kowace mota ta tsaya bayan 'yar'uwarta. Idan ta gaba ta cika ta fita, kowa ya matsa. Motar da ta fita daga sahu, ko mene ne dalili, ta koma ƙarshe. Ba sani, ba sabo, ba uzuri. Dokar ta zauna, faɗa ya mutu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina alfahari da ita. Na mayar da surukina ƙarshen layi. Na mayar da mutumin da ya koya mini tuƙi.

Duk wanda ya taɓa shiga tasharmu ya ga yadda muke matsawa. Ba wanda ke tayar da inji don taku biyar, saboda mai. Direba ya buɗe ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin mota, ya tura. Bayan minti goma a sake turawa. Haka muke tun safe har yamma.

Yanzu ku dubi motar da aka soka wa wayar caji. Ba ta matsawa. Tana buƙatar awa biyu ko uku a wuri ɗaya, can jikin katanga, taku ɗari daga sahu. A dokata, ta fita daga layi. Direban da ya je turke ya rasa lodinsa, ya koma bayan mota talatin, watakila ba zai sake ɗaukar fasinja ba sai rana ta karkata. Wa zai yi haka da iyali a gida? Injiniya ya zo da ma'auninsa ya duba ƙarfin wuta, ya duba inda ruwa ba ya taruwa, ya kafa abinsa tsaf. Bai tambaye ni yadda muke layi ba, ni kuma ina zaune a kujerata ina kallon ana haƙa rami, bai zo mini a rai in tashi in gaya masa ba. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata takwas ina cewa kamfani bai iya aiki ba.

Bari in ba ku labarin mutum ɗaya, domin ku san abin da kuke shirin yanke hukunci a kansa. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Autarta direba ce a tasharmu, kuma kowa Auta yake ce mata. Shekara shida tana tuƙa motar wani, ta ƙulla nan ta ƙulla can, har bara ta sayi tata ta kanta, 'yar ƙarama, ruwan toka. Ita ce ta uku da ta kawo motar lantarki tasha. Da ita take ciyar da 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta. Wata biyu da suka wuce wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da wayar da Auta ke zurowa ta taga, ta gurɗe ƙafa, mai gidan ya ce kada ya sake ganin waya a bangonsa. Ba ta da sauran wurin caji a duniya sai turakun nan namu.

Wata safiya tana ta uku a layi, ta ga batir ɗinta ba zai kai ta ya dawo da ita ba. Ta zare motar ta kai turke. Da ta gama ta dawo, sai na busa usur na nuna mata ƙarshe. Ta sauko ta zo gabana, ta rusuna ta ce, “Kawu, ai ban bar tasha ba. Daga kujerarka kana ganin motata.”

Na ce, “Ina ganinta. Tana cikin tasha, amma ba ta cikin layi.”

Ta ce, “To Kawu, yaya kake so in yi? In na tsaya a layi ba wuta, in na je neman wuta ba layi.”

Na ce, “Doka ba ta san 'yar ƙanwa ba.” Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, kuma na ji daɗin kaina a lokacin, Allah ya yafe mini.

Bayan kwana uku ta sake samun kanta a haka, sai ta ƙi fita daga sahu. Ta yi irin lissafin da muka saba da shi a fetur, cewa ko allura ta kwanta akwai ɗan saura a ƙasan tanki. Ta yi lodi, mutum huɗu, cikinsu har da dattijon da likita ya ba lokaci. A tsakiyar hawan gada motar ta tsaya cak. Aka kira babban makaniken tasha, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya hau babur ya tafi da gudu. Da ya isa sai aka ga jarkar mai a hannunsa. Ya tsaya yana zagaya motar yana neman inda zai zuba. Ku yi dariya, mu ma mun yi. Amma Auta ba ta yi ba. Ta tsaya a kan gada fasinja suna zaginta, motoci suna mata hon, dattijon nan ya rasa ganin likitansa, aka jawo motarta da igiya aka shigo da ita tasha a gaban kowa, direbobin fetur suna tafi.

Da yamma ƙanwata ta zo gidana. Ba ta ko zauna ba. Ta ce, “Yaya, kujerar roba da usur kawai Allah ya ba ka, kake wa jininka haka? Da ya ba ka gari ai da mun yi hijira.” Na buɗe baki zan kawo maganar doka, ta ce, “Dokar taka daga sama ta sauko? Ba kai ka yi ta da bakinka ba? Ka yi ta don kada wani ya cuci wani. Ka gaya mini wa Auta ta cuta.”

Kafin ta fita ta gaya mini cewa Auta ta yi magana da dillali. Idan aka cire turakun nan za ta sayar da motar, ta bar tuƙi gaba ɗaya, domin ta ce ba za ta koma roƙon makullin wani ba bayan ta riƙe nata. Na ji kunya a ranar irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara wannan aiki.

Magana ta uku: ba da hannu biyu na zo muku ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar Laraba da ta wuce na tara direbobi arba'in, Auta kaɗai ce ba ta zo ba, na ce dokar da na kafa ta tsufa, ni kuma na zo in sauke ta da kaina. Wani kafinta ya yi mana allo mai ƙusoshi. Kowane direba yana da 'yar lamba ta ƙarfe. Ka iso tasha, ka miƙo mini, in rataya ta bayan ta wanda ya riga ka, a gaban idon kowa. Daga yanzu lamba ce ke matsawa, mota ta tsaya inda take. Sharaɗi biyu ne: motarka tana cikin katangar tasha, kai ma kana ciki. In na kira ka sau uku ba ka zare waya ka iso ba, na bayanka ya yi lodi, kai ka biyo shi, ba za ka koma ƙarshe ba.

Kada ku ɗauka abin ya tafi salin-alin. An yi hayaniya har masu faci suka leƙo. Babban wanda ya ƙi shi ne dattijon direbobinmu, wanda muke kira Gemu. Ya miƙe ya ce, “Wato mu muna rana muna turin mota, 'yan akwatin ashana suna inuwa suna miƙe ƙafa, sannan lodi ya zo ya same su?”

Na ce, “Baba Gemu, wa ya ce za ka sake turi? Kai ma lambarka ce za ta yi tafiyar. Ka ajiye motarka ka zauna.”

Ya kai hannu ya dafe ƙugunsa, wanda shekara goma yana shafa masa magani. Ya ce, “Wato duk turin nan da muka yi, ba dole ba ne?” Na ce ba dole ba ne, rashin tunanina ne. Ya ce in ba don ana kallo ba da ya ɗan taɓa lafiyar jikina. Sannan ya zama na farko da ya miƙo lambarsa. Mutum talatin da huɗu suka yarda, shida suka ƙi, amma suka ce za su bi jama'a.

Kwana biyar ke nan da muka fara. Ina roƙon injiniya ya duba mita ɗinsa ta waɗannan kwanaki biyar, domin rahoton da ya karanta ya tsaya a ƙarshen watan jiya. Gani ya kori ji. Shekaranjiya sai da na raba gardama a kan wa zai fara soka waya, kuma tun da nake ban taɓa raba faɗan da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Ku bar mana turakun nan shida inda suke, kwana casa'in, sannan ku sake aunawa. Ba ma neman mai saurin nan guda ɗaya. Mai babbar mota yana sauri, ya tsaya minti ashirin ya wuce, kuma yana da gareji a gidansa. Mu mutanen jira ne, jira shi ne rabin aikinmu. Abin da ya dace da mu shi ne turaku masu yawa, masu ci a hankali, a wurin da dama muke zaune. Idan da hali ku yi musu rumfa, domin rana tana gasa wayoyin. Ku dillalai, ku ci gaba da kawo ƙananan, ku kawo su da kayan gyaransu. Ku kamfani, ku ɗauki makanikanmu ku koya musu, kada mu sake ganin jarka a kan gada. Idan kwana casa'in suka cika turakun nan suna zaman banza, ku zo ku tumɓuke, ni zan riƙe muku diga, in kuma sauka daga kujerata a ranar. Na faɗa a gaban shaidu, ba kuma zan janye ba.

Saura abu ɗaya, mai girma shugaba, sannan in zauna. A allon nan namu lambobi arba'in ne ke yawo. Ta arba'in da ɗaya tana hannuna, ga ta. Ta Auta ce. Na aika mata da ita gida, ta dawo mini da ita. Ta ce a gaya wa Kawu ba za ta sake sa rai a kan abin da za a cire gobe ba, sai ta ji abin da majalisa ta yanke. Kwana goma sha ɗaya ke nan motarta tana ajiye, an lulluɓe ta da tampol. Dillalin da zai saye ta yana cikin zauren nan, ita ma tana nan, can baya kusa da taga, tare da mahaifiyarta.

Auta, ɗago ki dube ni. A gaban mutane na kunyata ki, a gaban mutane zan ba ki haƙuri. Ke ce da gaskiya a ranar, ni ne ban gani ba. Na goya ki kina jaririya, na koya miki kama sitiyari, sannan na zama mutumin da ya kusa raba ki da sana'arki. Ki yafe wa kawunki. Abin da ke hannuna na gyara. Wanda ya rage yana hannun waɗannan bayin Allah da ke kan teburi, kuma ba zan bar ƙofar zauren nan ba sai na ji sun ɗaga hannu, in san ko in miƙa miki lambarki, ko in koma da ita gida in rasa abin da zan ce wa ƙanwata.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya haska musu abin da takarda ba ta nuna ba. Allah ya tsare direbobinmu da fasinjojinmu a kan hanya, ya kare gidajenmu daga gobara. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka, ya ba mai neman halal abin da zai kai gida, ya hana babba girman kan da zai cutar da na ƙasa da shi. Allah ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.

Na gode da kuka saurari tsoho har ƙarshe. Na gode.